Gwazan da Inna Ta Yi Jinya

Shekarar da aka samu 'yancin kai aka kai ni ɗakin miji a Rano. Maigidana malamin elementare ne, kuma abin da ya fi so a duniya, bayan ni in ji shi, wani tsiro ne a cikin tukunya. Baturen da ya koyar da shi a Kano ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ganyensa faffaɗa kamar na gwaza, wai in ya ga dama yakan yi farin fure. Ba ya son zafin rana, don haka a ɗakina yake zaune gindin taga, sai ka ce shi aka kawo wa lefe.

Da aka tura Malam kwas Kano, bai ce in kula da kaina ba. Cewa ya yi, "Ga amana nan, kada in dawo in tarar ya mutu."

Ai kuwa yana juya baya ganye ya fara nannaɗewa. Na taɓa, na ji danƙo. Na ɗaga ƙasan ganyen, wayyo Allah! Wasu ƙananan ƙwari ne kore-kore sun yi cincirindo, ga kiyashi na hawa da sauka. Ni 'yar manoma ce, na san toka ake sa wa wake. Na barbaɗa, ta zube ƙasa. Na ƙara, ta sake zubewa. Na zauna na sha kukana.

Ana haka sai ga surukata daga Lausu, ta zo taya ni zama. Inna mace ce mai faɗa, ni kuma kunyarta nake ji ƙwarai, ko ido ba na haɗawa da ita. Abin da ke fita bakina a gabanta bai wuce "To, Inna" ba.

Ta leƙa ɗaki ta riƙe baki. "Ikon Allah! Yaron nan boko ya juya masa kai. Gwaza a ɗaki? Ga shi darɓa ta cinye shi." Darɓa su ne ƙwarin nan masu danƙo. Da ta ga toka a ƙasa, sai ta yi dariya har da tafi. "Amarya, a gona da sassafe ake sa toka, raɓa ce ke riƙe ta. Ke a ɗakinki ana raɓa ne?"

Ta jiƙa tsumma da ruwan sabulun salo ta goge ƙasan kowane ganye. Sannan ta cika baki da ruwa ta fesa, fuuu, ta bi da toka, ta kama ram. Tukunyar kuma ta ɗora ta a kan dutse cikin kaskon ruwa don kiyashi su rasa hanya. Kullum da safe haka take yi, har ganye ya miƙe yana sheƙi. Na ji daɗi kamar in yi guɗa.

Sai ta ce, "Ya kusa ƙosawa. Ranar Juma'a mu tone shi mu dafa."

Ta yaya zan buɗe baki in ce wa uwar mijina ba ta san gwaza ba? Na ce, "To, Inna."

Juma'a da hantsi ta shigo da 'yar fartanyarta, ni ina biye da ita. Sai ta tsaya cak. Wani ƙulli a jikin tsiron, wanda na ɗauka sabon ganye ne, ya buɗe, ga fure fari tas kamar an naɗe ƙyalle, da ɗan tsinke rawaya a tsakiya. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ajiye fartanyar a hankali ta ce, "Kai, wannan ba na tukunyar girki ba ne. Amarya, ashe kin sani kika yi shiru?"

Na sunkuyar da kai. Ta dafa ni ta ce, "Daga yau in na yi kuskure ki faɗa mini, ai ni uwarki ce." Ranar muka fara hira.

Malam ya dawo ya tarar da amanarsa da rai, amma a ka aka ɗauke ta zuwa Lausu. Inna ta ce ita ta yi jinya, don haka gwazanta ne. Ya dube ni ko zan sa baki, na dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."