Madam Odessa Pettibone da Sirrin Mai Fiyano

Ranar Talata, 9 ga Maris, 2004, Allah ya yi wa Madam Odessa Pettibone rasuwa a garin Helena, tana da shekara tamanin da shida. 'Yarta Verna ce ta buga waya gidan tsofaffin da nake zaune ta sanar da ni.

Madam, a bayan shagon gyaran rediyo na mijinki kika buɗe kamfanin buga faifan garmaho. Ɗaki ɗaya ne, an lulluɓe bangonsa da barguna. Duk makaɗin da ya shigo sai kin fara ciyar da shi wake da burodin masara, domin a cewarki mai jin yunwa gaggawa yake sa wa kiɗa.

A 1952 na kaɗa fiyano a faifan da ya fitar da sunan kamfaninki. Mahaifina fasto ne, wannan sabon kiɗa kuwa na Shaiɗan ne a wurinsa. Na roƙe ki kada a buga sunana.

Kika ce, "Ɗan fasto, yatsunka na rawa a kan fiyano, gwiwarka na rawa don tsoro. Wanne zan bi?"

Na ce, "Gwiwar, Madam."

Aka buga sunan wanda ya rera waƙar shi kaɗai. Bayan shekara arba'in masu rubuta tarihi suka zo, suka ce wani mamaci ne ya kaɗa fiyanon. Na ce nawa ne, suka yi mini murmushin da ake yi wa tsoho. Da suka tambaye ki, kika ce kin yi alkawari, kuma wanda kika yi wa alkawarin bai zo ya warware ba. Fushi ya hana ni zuwa, daga baya ƙafafu suka hana. Da na ji rasuwarki, na ce shaidata ta ƙarshe ta tafi.

Bayan jana'iza Verna ta zo da faifan a cikin jaka. Ta ce, "Kawu Lucius, Mama ta ce kai mai taurin kai ne, tsakiyar faifai ba ka taɓa dubawa ba."

Akwai fili kusa da takardar tsakiya, inda allurar garmaho ke tsayawa. A nan mai yanka faifai yake karce lambar aiki da tsinke tun a uwar faifan da ake buga sauran daga ita, sai ta fito a kowane kwafi. Idona ya mutu, don haka Verna ta karanta, ni kuma na bi da yatsa. Bayan lambar akwai haruffa ƙanana: L. TARVER, FIYANO. Kowane faifai da aka sayar yana ɗauke da su, har wanda ya shekara hamsin a ƙarƙashin gadona.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya yafe kurakuranki, ya sa kin huta. Verna da jikoki, Ubangiji ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma, Madam, na warware alkawarin.

Lucius Tarver