Ɗauko Baba Hamidu daga Kan Dutse

Unguwar Ka'akiyya a Makka, ƙarfe biyar da kwata

Muna idar da sallar asuba muka tashi, ni da Usta Bakur, makanikin layinmu. Haifaffen Makka ne, ta Sudan kakanninsa suka shigo. Motar da muka ɗauka shas ce, a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu.

Baba Hamidu mutumin garinmu ne, yana kiwon awakin wani Balarabe a duwatsun kudu. Kwana huɗu ke nan da ya faɗi, ƙafa ta karye, ƙashi ya huda fata. Jiya wayarsa ta samu shiga, ya ce ƙafar ta fara wari. Na san wannan warin, ba a jira da shi. Kafilinsa, wato mai awakin, tsoho ne, ba ya iya hawa, sai ya ba mu mabuɗin motarsa.

Bakur ya jefa buhu a baya. Ya ce akis ne guda biyu, dogo da gajere, ya ciro a tashlih, inda ake farke matattun motoci. Akis shi ne sandar ƙarfen da ke juya tayar gaba. Na ce masa shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi tsakanin Agadas da Dirku, ban taɓa karya ko ɗaya ba. Ya ce to, ya ji.

Hanyar Lis

Shida saura kwata muka kai shinge. Askar, wato jami'in tsaro, ya duba iƙama, takardarmu ta zama a ƙasar, da takardar mota, ya ɗaga hannu. Bakwai saura muka tsaya Sa'adiyya, kusa da Yalamlam, wajen kilomita ɗari daga gida. Ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis da shayi, riyal bakwai. Muka cika jarka da ruwa. Bakwai da rabi muka bar kwalta, muka yi gabas.

Kwari ne mai yashi, kilomita goma sha takwas. Yashi kuwa gidana ne. Na rage iskar taya, na sa dabal, giyar jan ƙafa huɗu, cikin minti arba'in muka ƙare shi. A gindin dutse muka tarar da wani dattijo mai kiwon zuma. Ya ce saura kilomita bakwai, mota tana hawa, amma da rarrafe.

Hawa

Kilomita uku muka yi lafiya. Ƙarfe tara muka zo wata kwana, dutse ya yi mataki har gwiwa. Na murɗe sitiyari zuwa ƙarshe. Tayar dama ta ɗaga sama tana juyi a iska. A yashi, wanda ya ɗaga ƙafa daga totur ya binne kansa. Ƙafata ta taka kafin kaina ya yi tunani. Taya ta dawo ƙasa da gudunta, ta cafki dutse. Muka ji ƙara kamar ta bindiga.

Bakur bai yi faɗa ba. Ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe.

"Ya Ilu, a yashi taya tana zamewa, ƙarfin ya tafi. A nan ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙarfe."

Mutum yana can sama ƙafarsa na ruɓewa, ni na tsayar da motar da za ta ɗauko shi.

Muka tokare tayoyi da duwatsu, muka sa jak. Ya kwance taya da duk abin da ke bayanta. Akis ya fito, amma ba duka ba. Guntun da ya karye ya maƙale can ciki, inda hannu ba ya kaiwa, kuma in bai fito ba wani ba zai shiga ba. Can Bakur ya tashi ya ɓalle sifikar ƙofa, ya fasa maganaɗisunta da guduma, ya ɗaure ɓari ɗaya a bakin eriyar rediyo, ya zura. Sau biyu guntun yana kuɓucewa. A na uku ya fito.

Ya nuna mini haƙoran ƙarfen. Sun murɗe, kuma tsohuwar murɗa ce.

"Tun da daɗewa ake cinsa, kai dai ka ƙarasa shi. Ɗauki rabin laifin, ka bar wa masu mota rabi."

Sha ɗaya da kwata muka gama ɗaura akis ɗin da ya zo da shi. Daga nan ya sauka yana tafiya a gabana da ƙafa, yana nuna mini da hannu inda kowace taya za ta taka. Giya ta ɗaya, sitiyari a miƙe kafin kowane mataki. In ya ji injin ya ɗaga murya sai ya ce, "Shwayya shwayya, ya Ilu," wato a hankali. Kilomita huɗu, awa ɗaya da rabi. Na bi hannunsa kamar ranar na fara koyo.

Kan dutse, ɗaya saura kwata

Muka tarar da Baba Hamidu kwance a rumfa. Wani makiyayi ɗan Sudan ne ke ba shi ruwa da madara tun ranar da ya faɗi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa.

"Ilu, kai ne? Tun safe nake jin mota na kuka a ƙasa. Na ce wannan ko waye, ba direba ba ne."

"Ni ne, Baba."

"To, Allah ya shirye ka. Ɗauke ni."

Bai yarda aka ɗaga shi ba sai da ɗan Sudan ya ce zai riƙe awaki. Muka ɗaure ƙafar tsakanin katako biyu, muka kwantar da shi a katifa a baya.

Komowa

Saukowa ta ci awa biyu da rabi. Duk matakin da muka sauka yana cije rawaninsa. A gindin dutse muka yi la'asar, mai zuma ya miƙo kwalba ɗaya ya ce ta mara lafiya ce. Biyar saura muka hau kwalta. Ana kiran magariba muka shiga asibiti a Makka. Likita ya buɗe ƙafar, ya ce da mun kai gobe, daga gwiwa zai yanke. Isha a masallacin layinmu na yi ta.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa ɗan Sudan, ko sunansa ban tambaya ba. Na gode wa mai zuma da mai mota. Bakur kuwa na je gareji na yi masa godiya, ya ce in matsa, na tare masa haske.

Bayan sati uku aka sallami Baba Hamidu. Da sanda ya fito, amma da ƙafafunsa biyu.