Gaba Talatin Daga Bakin Rijiya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da awon mita ba. Tun yana saurayi ya yi aikin jirgin ruwa tsakanin Sawakin da Jidda, shi ke tsayawa a goshin jirgi da igiya mai dalma, yana jefawa yana janyowa, yana faɗa wa matuƙi zurfin ruwa. Awonsu gaba ce: ka ware hannuwa biyu, daga yatsa zuwa yatsa. Da muka zauna a Madina ya kama kula da wata gonar dabino a Jurf, sai ya taho da awon teku cikin yashi. Igiyar shanya gaba biyar, katanga gaba ashirin.

Shi ya dasa layin dabinon da ke can ƙarshen gona, shi kuma ya ja musu bututu daga rijiya. Makiyaya suka dame shi da buɗe makunnin ruwan, sai ya binne shi a ƙasa. Ranar ya dawo yana wanke ƙafa ya ce mini, "Ki riƙe. Gaba talatin daga bakin rijiya, ki fuskanci alƙibla." Na riƙe.

Shekara uku da rasuwarsa, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa gari, ruwa ya daina isa layin nan, ana tsakiyar zafi. Babban ɗana, wanda ke tuƙa motar alhazai a Bi'ir Ali, shi ya gaji kula da gonar. Mai gonar ya ce masa in ba a samo makunnin kafin Juma'a ba, zai kawo motar haƙa ta bi layin ta tone komai, dabinon da ya tare hanya a tumɓuke.

Na faɗa wa ɗan nawa maganar ubansa. Ya tafi wurin wani injiniya abokinsa, aka duba littafi, aka ce gaba ɗaya ta kusa mita biyu. Ya ja tef ɗinsa na awo, ya kafa tsinke, ya yi kwana biyu yana haƙa. Rami ya kai masa ƙirji, babu komai.

"Ya ummi, halas," ya ce da ya dawo, wato Inna, ya isa haka. Ni ina masa Hausa, shi yana mayar mini da Larabci, haka muke. "Kin manta lissafin ne. Wataƙila arba'in ya ce."

"Ni na manta? Na manta ranar da ka karya tulun maƙwabta ka ce iska ce?"

"To littafi ba ya ƙarya."

"Gaba kamu nawa ce?"

"Huɗu, in ji injiniya."

"Kamun wa? Hannun mai littafin ka gani? Ubanka ko kafaɗarka bai kai ba."

Ya ɗauki kofin shayi.

Ban shiga aji ba, amma shekara arba'in na yi ina ɗinka wa maigidana jallabiya da hannuna. Na buɗe akwati na ciro farar da ya fi so. Daga bakin hannu zuwa bakin hannu, a ƙara tafinsa biyu, gabarsa ke nan. Tafinsa da nawa ɗaya ne, har tsokanarsa nake yi da haka. Na shimfiɗa rigar a tabarma, na ɗora igiya a kai, na ƙara tafina biyu, na ƙulla. Da na gwada da damtsena, kamu huɗu ne ba yatsa uku.

Ranar Alhamis da hantsi na sa ya kai ni. Ganyen dabinon ya fara ja daga baki. Ban tsaya kallo ba. Na zuba ƙwallon dabino talatin a gefen mayafi, na durƙusa a bakin rijiya, na kalli alƙibla. In shimfiɗa igiya, in ajiye ƙwallo ɗaya, in ja gwiwa. Ƙasa na ƙona ni ta cikin zane.

"Inna, ki ba ni in yi," ya ce. Sai ya ji tausayi yake tuna Hausa.

"Kai ka yi naka. Riƙe mini lema."

Ƙwallo na ƙarshe ya faɗi, ramin da ɗana ya haƙa yana can gabana, taki takwas ko tara. Wurin ba alama, sai busasshiyar ciyawa.

"Nan."

Ya dube ni, ya dubi tsinkensa.

"In babu fa?"

"In babu, ka kira mai motar da bakinka. Haƙa."

Ya haƙa. Ina tsaye a kansa, ban zauna ba. Ramin bai kai gwiwa ba shebur ya daki dutse mai faɗi. Ya ɗaga, ga makunnin a ƙasa, naɗe da tsumman buhu an ɗaure shi da irin ƙullin 'yan jirgi. Tsatsa ta cinye shi ya toshe. Ya zauna a bakin ramin yana taɓa ƙullin, bai kwance ba, sai da na ce masa dabino ba ya shan kallo.

Kafin la'asar an sa sabo, ruwa ya bi layin har bishiyar ƙarshe. Ya ciro tef zai auna wurin ya rubuta. Na bar shi ya auna. Da ya gama na miƙa masa igiyar, na ce ya rataye ta a ɗakin injin ban-ruwa, jallabiyar kuwa na mayar akwati.