Budurwar da Ta Yi Kurumtar Ƙarya

Ina ɗan shekara tara Hajiya Yalwa, mahaifiyar babanmu, ta zo ta zauna da mu a gidanmu na bene a unguwar Edmonton, a Landan. Baba yana aikin rediyo, Mama tana asibiti, don haka bayan magariba mu uku ne a gida, ni da ƙanwata Rabi da ita. Takan jawo hitar ɗumama ɗaki kusa da ƙafafunta, ta ce wutar Turawa ba ta da ƙanshi.

Sau ɗaya Baba ya kai ta kallon wani tsohon wasan barkwanci na Ingilishi, na masoya masu yaudarar juna. Ta dawo ta ce ita riguna kawai ta gani, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Washegari ta shirya mana nata.

"Angona, matso. Ke kuma kashe talabijin ɗin nan."

Wai wata budurwa ce samari biyu ke nema, kowa da daɗin baki. Sai ta sa aka baza cewa zazzaɓi ya toshe mata kunne. Na farko ya zo zance, yana mata murmushi yana gaya wa abokinsa gonar ubanta yake so. Na biyu ya zo shi kaɗai. Da ya tabbata ba ta ji, ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: rigarsa ta aro ce, takalmin na ƙaninsa ne, shi ya sa yake ɗingishi. Hajiya takan miƙe ta kwaikwayi ɗingishin har Rabi ta kwanta don dariya.

"Sai yarinya ta ce, to cire takalmin ka huta mana. Ya zabura a guje, ya bar ƙafa ɗaya a zaure! Shi ta aura."

Mu kuwa da Turanci muke gulmarta a gabanta. Warin man zafinta, tsoron da take wa lif ɗin hawa bene, yaushe za ta koma. Ita dai jan carbinta take yi.

Bayan shekara biyu ta koma Kano, can ta rasu ina jami'a. Sai bara, muna sayen doya a kasuwar Lewisham, Mama ta faɗa mini a cikin hira cewa Hajiya ta daɗe tana aiki da sistocin Turawa a asibiti.

"Tana jin Turanci sarai. Ita ta hana mu gaya muku, don ku riƙa yi mata Hausa."

Yanzu ni kaɗai nake zaune, sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba. A da na ɗauka labarin wayon mace ne. Yanzu budurwar nake hangowa zaune a zaure, tana jin duk abin da ake faɗa a kanta, ba damar ta nuna ya yi mata ciwo. A cikin samarin nan biyu, na san wanda na zama.