Yadda Ladabinmu Ya Kusa Kwantar da Baba

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta shekarar da ladabinmu ya kusa kwantar da Baba har abada.

Bayan girbin gero ne ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yana gonarsa a Wagini. Muka garzaya da shi babban asibiti a Katsina. Da aka yi masa magani, likita ta sa aka shigar da shi wata na'ura mai auna yadda jini ke gudana a ƙwaƙwalwa. Ta nuna mana hoton, ta ce jini ya koma inda ya toshe, kamar yadda ruwa ke sake isa lambu in an gyara hanyarsa. "Da wannan awon ina sa ran zai taka cikin wata uku, in Allah ya yarda. Amma fa sai yana motsa hannun da ƙafar."

Muka ɗauko rabin maganar, muka bar mata rabin. A gidanmu babba ba ya miƙa hannu ga buta alhali ƙanana na zaune. Matata ke ba shi fura a baki, ƙanena ke yi masa alwala, ni kuma in goya shi zuwa inuwa. 'Yan dubiya daga Karare har Tsaskiya, kowa ya zo sai ya ce, "Kwanta, Malam, kada ka wahal da kanka." Baba bai taɓa bin shawarar kowa ba a duniya, amma wannan kam ya riƙe ta gam.

Wata uku suka cika ko yatsa bai ɗaga ba, sai kumatu da ya aje. Na mayar da shi asibiti ina huci, na ce wa likita na'urarta ta sharara mana ƙarya. Ta duba shi, ta ce, "Wa ke ba shi abinci?" Ni da matata da ƙanena da suka rako mu, mu uku muka ɗaga hannu, har da alfahari. Sai ta ce in muka ci gaba a haka gaɓoɓin za su sandare, babu mai miƙe su. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Inna, mahaifiyarmu, ita ta karɓi aikin. Ta aje ƙwaryar fura ta gefen damansa, ta kore mu.

"Ni za a yi ma haka cikin gidana?" in ji Baba.

"Kai ɗin fa, Malam. An ce jini na zuwa, to hannu shi ma ya zo."

Rabin furar a riga take ƙarewa. Maƙwabta suka fara cewa mun wulaƙanta tsoho, ni kuwa sai in zagaya bayan rumbu in share hawaye.

Wata safiya, bayan makonni, ya ce in miƙo masa takalmansa. Na ga Inna ta zuba mini ido, sai na yi kamar ban ji ba. Can na ji ƙwas-ƙwas a bayana. Kafin in waiwaya sanda ta sauka a gadon bayana, kuma da hannun dama. Baba ne tsaye, yana haki, yana cewa, "Ɗan banza, kurma ka koma?" Ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

Tun daga nan na gane cewa likita na iya hango sauƙi, amma 'yan gida na iya tare shi a bakin ƙofa. Wani taimakon, janye hannu ne.