Fankar makewayi ta rama mini

Mata, yau fanka ta rama mini, ko murya ban ɗaga ba.

Jiya Idi, ƙanin maigidana mai gyaran wuta, ya zo sa mana fankar fitar da wari a makewayi. Zai haɗa ta da wayar da ya ce ta fitilar makewayi ce. Na ce, "Idi, wannan wayar ta fitilar salo ce, ɗakin baƙi, ina tsaye aka ja ta." Ya yi dariya gaban 'ya'yana. "Yaya, karatun yaƙi da jahilci bai kai nan ba. Je ki duba tukunya."

Ya haɗa, kuma ya kafa fankar a juye, yadda za ta huro iska cikin gida maimakon waje. Na gani, na koma wajen tukunyata.

Ɗazu ya kawo wani Alhaji daga Tibiri, wanda zai ba shi aikin wutar sabon gidansa. Suka zauna salo. Na kawo ruwa, na ce, "Bari in kunna muku fitila."

Fanka ta ɗauka, fuuu! Warin makewayi kaf ya cika salo. Alhaji ya toshe hanci da bakin riga. "Subhanallahi, wa ya yi wannan aiki?"

Na ce a hankali, "Ga gwanin nan kusa da kai, Alhaji."

Ko ruwan bai sha ba, ya nemi takalmansa.

Yanzu Idi na tsaye bisa kujera yana kirana, "Yaya, wace waya kika ce?"

Na ce ina duba tukunya.