Santimita Biyun Gidaɗo

Tun Gidaɗo yana yaro a Maraɗi tsawonsa ne abin taƙamar gidansu. Mahaifiyarsa Dije ba ta da sunan kiransa sai "Dogona", kuma ko hoto za a ɗauka sai ta ce ya miƙe wuya kada a rage masa. Da wannan sabo ya zo karatu Alƙahira.

Shekara uku yana ɗaga ƙarfe a wani ɗakin motsa jiki da ke unguwar Abbasiya. Ƙwai da wake kuwa ya ci har harshensa ya daina gane su. Burinsa ɗaya tak: ya shiga cikin mutum biyar da mai horar da su, Kyaftin Husam, zai kai gasar nuna tsoka ta unguwanni.

Ran zaɓe Husam ya auna nauyin kowa, ya mintsini fatar ciki ya ƙiyasta kitse ya cire. Saura tsawo, a jikin bango. Da aka zo kan Gidaɗo, sai hali ya motsa. Ya miƙe wuya, ya ɗan yi ɗage ba wanda ya lura. Santimita 192.

Abin da bawan Allah bai sani ba, nauyin da ya rage bayan cire kitsen raba shi ake yi da tsawo, har sau biyu, wato ƙarin tsawo ragin maki ne, kuma sai wanda ya kai maki 22 zai shiga. Ja'afar, wani gajeren Bakano da bai wuce hammatarsa ba, ya tashi da 23. Gidaɗo 21.7.

Ya koma gefe ya buga lissafin a waya da tsawonsa na gaskiya, 190. Ya fito 22.2. Ashe da hannunsa ya daɓa wa cikinsa wuƙa!

Ya ruga wajen Husam. "Kyaftin, a sake awo. Wallahi ɗage na yi!"

Husam ya yi dariya. "Yau duk wanda ya faɗi ya zama gajere. Ma'alish, sai haƙuri. Khalas, an gama, na tura sunaye."

Takaici kamar ya kashe shi. A ƙaramar bas mai zuwa unguwarsu, Madinat Nasr, ya zauna a takure, gwiwa na dukan kujerar gaba, sai ga kiran Dije.

"Dogona! An ce ka yi jiki. Kada dai ƙarfen nan ya danne maka tsawo."

Gidaɗo ya gyara zaman gwiwarsa.

"Yana nan, Inna. Yau ma har ƙari na yi."